Me ake nufi da Spirulina, kuma me yasa ake rubuta Arthrospira a ƙasansa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu ne a jami'a, bayoloji nake karantawa. Yayata ta siyo wani koren gari a roba wai ƙarin abinci ne, an rubuta Spirulina da manyan baƙaƙe, can ƙasa kuma da ƙanana an sa Arthrospira platensis. Wani baffana mai fatauci zuwa Njamena da ya gani sai yace ai wannan dihe ne, a can miya ake yi da shi. Dan Allah me sunan yake nufi, wane yare ne, kuma me yasa abu ɗaya yake da suna biyu? Sannan shin gansakuka ce irin wadda muke gani a kududdufi da damina?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. In na fahimce ka da kyau abu uku kake son sani, ma'anar sunan da yaren da aka samo shi, dalilin da yasa robar ke ɗauke da suna biyu, sai kuma alaƙar abun da gansakukar kududdufi da dihe ɗin da baffa ya faɗa. Toh bari in fara da cewa baffa ya yi gaskiya, halitta ɗaya ce, bambancin kawai na robar nomansa aka yi a manyan tankuna aka busar da inji, na Chadi kuma shi yake fitowa da kansa a tafki mata su kwaso su shanya a rairayi. Maganar suna biyu kuwa ba wai ha'inci bane na masu kamfani, tsohon saɓani ne tsakanin masana wanda ya haura shekara 150, kuma in gaya maka ma yanzu sunan ya zama uku, na ukun ne ba kasafai ake ganinsa a kan robobi ba.

Kalmar Spirulina ita kanta

Ka san dai tun daga aikin Linnaeus mutumin Suwidin a 1753 tsarin da ake bi shine kowace halitta tana da suna mai kalma biyu, ta farko sunan dangi ta biyu sunan nau'i, kuma dukkansu a tsarin Latin ake rubuta su ko da kuwa daga wani yaren aka aro kalmar. Spirulina sunan dangi ne, shi yasa kake ganinsa shi kaɗai da babban harafi a farko.

Tushensa daga Girkanci ne, suna da kalma speira wadda suke faɗa wa duk abun da aka naɗe zagaye-zagaye, igiyar da aka naɗe, ko maciji idan ya nannaɗe jikinsa. Romawa suka are ta ta koma spira a Latin da ma'anarta yadda take. A Latin ɗin kuma in za a ƙanƙantar da abu ana ƙara masa -ula a ƙarshe, sai spira ta zama spirula wato ɗan ƙaramin naɗi, sannan aka sake liƙa -ina wadda ke ba da ma'anar mai kama da kaza ko mai siffar kaza. In ka haɗa su gaba ɗaya Spirulina na nufin 'yar ƙaramar aba mai murɗaɗɗen jiki, shikenan ma'anar, babu wani sirri a ciki kuma babu maganar lafiya ko ƙarfi ko magani a cikin sunan, siffa ce zalla. Na faɗi haka ne saboda na sha jin masu talla suna fassara shi da abubuwa iri-iri, har da mai cewa wai daga kalmar ruhi aka samo shi saboda farkonsa ya yi kama da spiritus, alhali waccan daga wani tushen daban take, tushen numfashi.

Kuma wanda ya raɗa sunan ya kalli abun da kyau. In ka samu mai rai, ba garin roba ba dan shi busarwa da niƙa sun kakkarya shi, ka ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi ka sa a maikiroskop ko da na ɗalibai ne mai ƙara girma sau 100, za ka ga zare ne siriri mai launi tsakanin kore da shuɗi a murɗe kamar sifirin ɗin cikin biro, kuma in ka yi haƙuri ka tsaya za ka ga yana ɗan motsi yana juyawa a hankali yana silalewa gaba. Wani Bafaranshe masanin tsirrai kuma gwanin zanensu mai suna Turpin shi ya fara amfani da sunan a 1827, ga wani zare da ya gani a ruwa.

Arthrospira, da kuma platensis

Shekara 25 bayan haka, a 1852, wani likita Bajamushe Stizenberger ya lura cewa waɗannan murɗaɗɗun zaruruwa ba iri ɗaya bane. Akwai sirara sosai masu matsattsen naɗi waɗanda in ka duba sai ka ga zaren santal ba wata alama a jikinsa, akwai kuma masu kauri masu sakakken naɗi waɗanda kana ganin layuka a gicciye sun raba zaren gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa ƙwayar halitta ɗaya ce. Sai ya ware masu gaɓoɓin ya basu sunan dangi na kansu, Arthrospira. Ɓangaren baya ka riga ka san shi, speira ɗin nan ce dai, na gaba kuma arthron ne a Girkanci wato gaɓa. Kai da kake bayoloji ka sha haɗuwa da wannan tushen, shi ne a cikin Arthropoda dangin fara da kunama da ƙaguwa masu ƙafafu gaɓa-gaɓa, shi ne kuma a cikin arthritis da likitoci ke faɗa wa ciwon gaɓɓai. Arthrospira kenan murɗaɗɗen zare mai gaɓoɓi.

Ni a ganina wannan sunan ya fi Spirulina amfani ga ɗalibi, dan yana gaya maka abun da za ka nema a maikiroskop ne kai tsaye, naɗi da kuma gaɓa. Daga baya da aka samu maikiroskop mai aiki da ilektiron an gano cewa Spirulina ta ainihi ma tana da waɗannan bangwayen da ke raba ƙwayoyin, sirantarsu ce tasa ba a ganinsu da na gargajiya, amma duk da haka rabuwar ta tabbata ta wasu hanyoyin da zan zo kansu.

Yanzu platensis. Wannan ne sunan nau'i kuma shi ya fi ba mutane mamaki in sun ji. Duk inda ka ga -ensis a ƙarshen suna toh wuri ake nufi, aikin da ba- ke yi a Bakano ko Bazazzagi shi take yi. Maɗaci sunansa Khaya senegalensis, kwakwar manja kuma Elaeis guineensis, kaga Senegal da Gini a ciki. Platensis na nufin na Plata, wato Rio de la Plata, wancan ƙaton bakin kogin da ke tsakanin Ajantina da Yurugwai a Kudancin Amurka, kuma plata a Sifaniyanci azurfa ce. Dalili shine samfurin da aka fara bayyanawa da wannan suna daga Montevideo babban birnin Yurugwai aka samo shi, wani masani ɗan Suwidin Nordstedt ya bayyana shi a 1884. Sai ga shi abun da Kanembu, mutanen yankin tafkin Chadi, suka gada kaka da kakanni suna miya da shi yana amsa sunan wani kogi a can ƙetaren teku.

Kar wannan ya dame ka, haka tsarin yake, sunan wuri a cikin sunan kimiyya yawanci yana nuna inda mai raɗa sunan ya samu samfurinsa ne ko inda ya zaci abun ya fito, ba lallai asalin halittar ba. Tsamiyar nan tamu Tamarindus indica ake ce mata, Tamarindus ɗin ma daga Larabci ne tamr hindi wato dabinon Indiya, aka sake ƙara mata indica a kai, Indiya sau biyu kenan a suna ɗaya, alhali masana na ganin Afirka ce asalinta. Kuma dokar raɗa suna ba ta yarda a canza suna kawai dan ma'anarsa bata dace ba, in an raɗa shi bisa ƙa'ida ya zauna.

Akwai wasu sunayen nau'in da za ka iya gani a wasu robobin ko a takardu. Maxima a Latin mafi girma kenan, ita aka fi dangantawa da ta Meziko. Fusiformis daga fusus ne wato mazari, saboda naɗin zaren yana faɗi a tsakiya yana tsukewa a baki biyun.

In ka ci karo da sunan an rubuta shi cikakke kamar Spirulina Turpin ex Gomont 1892, ma'anarsa Turpin ne ya fara faɗa amma ta hannun Gomont sunan ya samu karɓuwa. Maurice Gomont Bafaranshe ne da ya yi babban aiki kan wannan rukunin a 1892, kuma masana tsirrai sun yi ittifaƙi cewa daga aikinsa ake fara lissafin sunayen rukunin, duk abun da aka raɗa kafin nan sai in shi ya ɗauko shi. Gomont ya yarda da rabuwar Stizenberger, masu gaɓa a Arthrospira marasa gaɓa a Spirulina, kuma shi ya rubuta Arthrospira platensis ɗin da ka gani a robar yayarka.

Toh ina rikicin ya fito?

Da a nan maganar ta tsaya da babu wanda zai kira garin nan Spirulina yau. Amma a 1932 wani babban masani ɗan Ostiriya, Lothar Geitler, ya sake tsara rukunin baki ɗaya, yace shi bai ga gaɓoɓin nan sun isa hujjar raba dangi biyu ba tunda dukkansu murɗaɗɗu ne, sai ya haɗe su wuri ɗaya, kuma da yake Spirulina ce tsohon suna ita ta haɗiye Arthrospira. Aikinsa shi kowa ke dubawa a lokacin in zai tantance irin waɗannan halittun, dan haka shekaru da dama duk wanda ya ga murɗaɗɗen zare mai launin shuɗi-kore Spirulina yake rubutawa.

Ana cikin wannan zamanin ne Turawa suka farga da dihe. A 1940 wani masani Bafaranshe Pierre Dangeard ya ba da rahoto kan wani samfuri da aka aiko masa daga kasuwar Masakori a Chadi, amma duniya na cikin yaƙi babu wanda ya waiwaye shi. Sai a 1964 zuwa 1965 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam Jean Léonard da ke cikin wata tawaga mai ratsa Sahara ya ga wasu korayen dunƙule-dunƙule a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yanzu kafin a canza mata suna a 1973, ya bi sawunsu har ya ga tafkunan da ake ɗebowa, shi da abokin aikinsa Compère suka tantance shi suka rubuta Spirulina platensis, bisa tsarin Geitler. Da aka auna aka ga furotin ɗin da ke cikin busasshensa ya haura rabin nauyinsa sai hankalin masu bincike da 'yan kasuwa ya dawo kansa. A daidai lokacin kuma a Meziko ana samun irinsa a tafkin Texcoco, inda mutanen Aztek suke kwasarsa suna ci tun kafin zuwan Sifaniyawa a ƙarni na 16, su tecuitlatl suke ce masa, kuma a can aka fara samar da shi da yawa dan sayarwa a shekarun 1970.

Kaga inda matsalar take, a lokacin da abun ya shiga kasuwar duniya sunansa na hukuma Spirulina ne, da shi aka buga takardun talla da shi aka yi rajista da shi mutane suka saba. Sai a 1989 da Richard Castenholz na Amurka ya sake raba su a babban kundin bakteriya da ake kira Bergey, binciken DNA da ya biyo baya kuma ya nuna ba wai dangi biyu bane kawai, ko kusa ma basu yi da juna ba, naɗin ne kawai ya zo ɗaya. Masana suka koma Arthrospira, 'yan kasuwa kuma suka ce su ba za su canza sunan da ya riga ya karɓu ba, kuma gaskiya ko ni ne mai kamfanin ba zan canza ba, waye zai shiga kanti yace a bashi Arthrospira? Shi yasa robar take da biyu, na sama sunan kasuwa ne na ƙasa kuma na kimiyya. Abun dariyar shine Spirulina ta ainihi, irin su Spirulina major da Spirulina subsalsa, ba su ake nomawa dan abinci ba, sunansu kawai aka tafi da shi.

Na ukun, Limnospira

A 2019 wasu masana uku daga Poland da Jamhuriyar Cek suka sake tono maganar. Ka san kowane sunan dangi yana rataye ne da nau'i ɗaya da aka ɗauka a matsayin ma'auni, duk inda wannan nau'in ya faɗa can sunan yake binsa. Ma'aunin Arthrospira shine Arthrospira jenneri, wani nau'i da ke zama a ƙasan ruwan daɗi kan laka, kuma wannan -i ɗin na ƙarshe alama ce ta sunan mutum, an raɗa ne dan girmama wani mai suna Jenner. Da suka samo jenneri suka duba DNA ɗinsa da tsarin cikin ƙwayarsa sai suka ga ya bambanta da waɗanda ake nomawa, su na nomawan suna da wasu 'yan jakunkunan iska a cikin ƙwaya da ke sa su yawo a saman ruwa kuma ruwan kanwa suke so. Tunda sunan Arthrospira dole ya zauna da jenneri, sai aka ƙirƙiro wa na cin sabon dangi, Limnospira, daga limne a Girkanci wato tafki, murɗaɗɗen zaren tafki kenan. Shi yasa a sabbin takardun bincike kake ganin Limnospira fusiformis ko Limnospira maxima.

Ɗalibai kan ji haushin wannan canje-canjen, suna ganin kamar masana basu da aikin yi ne, amma ba haka bane, da ido ake rarrabawa a da, yanzu kuma da DNA, in sabon ma'auni ya nuna an haɗa waɗanda ba 'yan uwa ba a gida ɗaya dole a raba. Sai dai ni ma ina ganin sauyin zai ɗau lokaci kafin ya zauna, har yanzu takardu da yawa Arthrospira platensis suke rubutawa kuma ba wanda zai ce sun yi laifi.

Dihe

Bari in ɗan tsaya a kan maganar baffa dan ita ta fi kusa da mu. A yankin Kanem, arewa maso gabas da tafkin Chadi, akwai ƙananan tafkuna a tsakanin tuddan rairayi waɗanda ruwansu kanwa ce, yankin nan ne dai da aka san shi da kanwa tun zamanin fatake, irin su ungurnu da ake kawowa kasuwanninmu. Ruwan yana da kaifin kanwa sosai, ma'aunin pH ɗinsa kan kai 10 ko ya wuce, ga zafin rana, kuma wannan yanayin da yawancin halittun ruwa ba sa iya jurewa shi ne daidai abun da wannan halittar ke so. Sai ta mamaye ruwan kusan ita kaɗai, iska ta koro ta bakin tafki ta taru ta yi kauri, matan Kanembu su shiga da kwanuka su kwaso, su haƙa ɗan faffaɗan rami a rairayi su zuba, rairayin ya tsotse ruwan rana ta busar da sauran, sannan a yayyanka shi a kai kasuwa. Wajen girki ana jiƙa shi a tace yashin a yi miya a ci da tuwon gero. Wani bincike da aka buga a 2000 kan tafki ɗaya kawai, Kossorom, ya ƙiyasta kimanin tan 40 na dihe a shekara.

Ka riƙe wannan bayanin na kanwa da kyau, dan shi ne amsar ɓangaren ƙarshe na tambayarka.

Gansakuka ce?

Eh kuma a'a. A Hausa duk koren abun da ya taru a ruwa ko ya fito a jikin randa da bangon rijiya gansakuka muke ce masa, a wannan ma'anar toh ita ma gansakuka ce. Haka kalmar alga take a Latin, ciyawar teku suke nufi da ita wadda igiyar ruwa ke watsowa gaɓa, har Romawa na buga misali da ita in za su ce abu bashi da daraja, daga baya masana suka tara halittu barkatai a ƙarƙashinta waɗanda ba dangin juna ba. Amma a kimiyyance Spirulina ba tsiro bace kuma ba ta cikin korayen gansakuka, bakteriya ce, ƙwayarta bata da cibiya mai rufi irin ta tsirrai da dabbobi. Rukuninta shi ake kira Cyanobacteria, daga kyanos a Girkanci wato shuɗi mai duhu, saboda wani sinadarin launi da ke cikinta mai suna phycocyanin, shi kuma phykos ciyawar teku ce a Girkanci aka haɗa da kyanos ɗin. In kana son ganinsa da idonka ka zuba rabin cokali na garin yayarka a kofin gilashi da ruwa ka sa a firiji ya kwana, da safe za ka ga ruwan sama ya yi shuɗi, wannan shuɗin har ana cire shi a rina alewa da abin sha. Sunayen nata dai sun fito ne daga hannun masana tsirrai saboda a da tsiro aka ɗauke ta tunda tana haɗa abincinta da hasken rana.

Wadda kake gani a kududdufi da damina, mai tsawo kamar gashi mai santsi in ka damƙa, yawanci Spirogyra ce ko 'yan uwanta. A nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa, kusan duk shekara in na ce a kawo samfurin ruwa sai wani ya zo da murna yace Malam na samo Spirulina, mu sa a maikiroskop mu ga Spirogyra. Kuma ba laifinsu bane dan sunan ma speira ce a gaba, a baya kuma gyros wato zagaye. Bambancin shine ita Spirogyra zarenta miƙaƙƙe ne, koren ɗamarar da ke cikin ƙwayar ce take murɗe, a Spirulina kuwa zaren gaba ɗayansa ne a murɗe. Sannan Spirogyra ta ninka ta kauri sosai kuma ita koriyar gansakuka ce ta gaske mai cibiya a ƙwaya. Chlorella ma da ake sayarwa kusa da Spirulina a kantuna koriyar gansakuka ce ta gaske, chloros kore ne a Girkanci, -ella kuma ƙanƙantarwa, Beijerinck mutumin Holan ya raɗa mata a 1890.

Abun da nake roƙonka shine kar wani ya ji an ce Kanembu na cin gansakuka ya tafi kududdufi ko dam ya kwaso. Abun da ke sa dihe ya zama mai ciwuwa shine kanwar tafkin da ke hana yawancin sauran halittu zama. A ruwan daɗi mai ɗumi da taki ya gangaro cikinsa, koren da ke taruwa a sama sau da yawa wasu 'yan uwanta ne irin su Microcystis masu fitar da guba mai lalata hanta, tafasawa kuma ba ta kashe gubar. A 1996 a garin Caruaru na Burazil sama da mutum 50 masu wankin ƙoda sun rasu saboda ruwan da aka yi amfani da shi yana ɗauke da wannan gubar. Ko na robar ma in inda aka noma shi ba a kula ba yana iya gauraya da irin waɗannan, shi yasa ya kamata yayarka ta duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Inda sunan yake gazawa

Wani abu da duk wanda ya taɓa renon wannan halittar a ɗakin gwaji ya sani shine ba kullum take zama a murɗe ba. In ta daɗe a kwalba ana ta sabunta mata ruwa sai ka wayi gari ka ga miƙaƙƙun zaruruwa sun fara bayyana, a hankali su rinjayi murɗaɗɗun, kuma da wuya su koma yadda suke. Na taɓa sa wa ɗalibai irin wannan a gwaji ba tare da na faɗa musu ba, kusan dukkansu Oscillatoria suka rubuta, wani dangi mai miƙaƙƙen zare, kuma ban rage musu maki ba dan a ido haka take kama. Hatta tazarar naɗin da faɗinsa suna canzawa da zafi da haske da gishirin ruwan. Wannan yasa ni dai ba na yarda in ce wannan platensis ce waccan maxima ce da maikiroskop kaɗai, iyakata in ce dangin kaza ne, sauran aikin na DNA ne. Dan haka platensis ɗin da ke jikin robar ka ɗauke shi a matsayin sunan da aka saba rubutawa, ba shaidar cewa an gwada aka tabbatar ba.

Maganar amfaninsa ga jiki kuma ba fannina bane, ni ba likita bane, abun da zan iya faɗa maka lissafi ne kawai. Furotin ɗinsa yana tsakanin kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na busasshen nauyi, wannan gaskiya ne, amma ƙaramin cokali ɗaya wajen giram 3 ne, kaga furotin ɗin da ke ciki wajen giram 2 ne kawai, ƙwai ɗaya kuwa yana da wajen giram 6. Sannan yawancin bitamin B12 da ake tallarsa da shi wani iri ne da jikin mutum baya amfana da shi. In yayarka tana da ciki ko tana shayarwa ko tana kan wani magani, ta tambayi likitanta kafin ta fara.

In za ka rubuta shi a aikin makaranta, ka sa Arthrospira platensis da karkatattun baƙaƙe, A babba p ƙarama, in da hannu kake rubutu ka ja layi a ƙarƙashin kowace kalma daban. A ambato na farko ka faɗi cewa sabbin takardu na sa shi a Limnospira, daga nan ka riƙa taƙaitawa da A. platensis. In kuma garin kasuwa kake nufi ka rubuta spirulina da ƙaramin harafi ba karkatarwa, dan malaminka ya gane ba dangin Turpin kake magana a kai ba.